Ranar da Ƙofar Mota Ta Kufce wa Dalyop

Akwai wani injiniya a Manchester mai suna Junaidu. Mutumin Jos ne, yana zaune a Cheetham Hill da matarsa Kubura da 'yarsu Hafsa.

Lokacin da ya zo karatu bai san kowa a ƙasar ba sai Dalyop, wani maƙwabcinsu na Jos da ya girme shi. Dalyop ne ya ɗauko shi daga filin jirgi, ya shimfiɗa masa katifa a ɗakinsa da ke unguwar Hulme. Kirista ne, direban bas, amma da azumi sai ya dafa wa Junaidu abin buɗa baki kafin ya fita aiki. Tun daga nan Junaidu ya daina kiran sunansa, sai dai Yaya.

Daga baya Dalyop ya koma Birmingham da matarsa Clara, amma zumunci bai yanke ba.

Da aiki ya zauna wa Junaidu, sai ya sayi motar da ya daɗe yana mafarki: a-kori-kura mai aiki da lantarki, baƙa wuluk. Ba ƙara, ba hayaƙi, caji kawai ake mata.

Matsalarta ɗaya, faɗi. Wuraren fakin na Ingila kuwa a matse suke. Tana sabuwa dal wani ya buɗe ƙofarsa a wajen fakin na wani kanti, ya lotsa mata gefe, ya yi tafiyarsa. Ranar Junaidu ko abinci bai ci ba.

Daga nan ya koma yin fakin can ƙarshen fili, inda ba kowa. Ko ruwan sama ake yi, haka Kubura za ta taka da ledojin cefane.

"Baban Hafsa, mota ce fa, ba ƙwai ba," in ji ta.

"Ba za ki gane ba," kawai yake cewa.

Wata rana Dalyop ya kira shi. "Ƙanena, ka zo taron 'yan Jos ranar Asabar. Akwai maganar da nake so mu yi, ba ta waya ba ce."

Junaidu ya ji daɗi, don dama yana neman inda zai nuna motar. Suka isa Birmingham da wuri, ya yi fakin nesa da kowa. Mutane suka kewaye motar suna sa albarka.

Can sai ga tsohuwar motar su Dalyop, Clara ke tuƙi. Dalyop ya ce ta tsaya kusa da ta ƙanensa, yana so ya gan ta da kyau. Yana buɗe ƙofa iska ta fizge ta, ta kufce daga hannunsa, ta daki gefen a-kori-kurar.

Junaidu ya durƙusa ya shafa lotsawar. Ba ta fi bakin cokali ba.

"Yi haƙuri, ƙanena," in ji Dalyop. "Hannuna ne bai riƙe ba."

"Duk faɗin filin nan ba ka ga wajen fakin ba sai jikina?"

"So nake in gan ta."

"Ka gan ta ai. Ko ka ce hassada ce kawai mu sani. Ka tsufa a ƙasar nan da wannan gwangwanin, ka ga yaron da ya kwana a ɗakinka ya wuce ka."

Kubura ta kama hannun rigarsa. "Baban Hafsa, Yaya ne fa."

Clara ta buɗe baki za ta yi magana, Dalyop ya girgiza mata kai. Ya sa hannunsa na dama a aljihu, ya sunkuyar da kai.

Junaidu bai shiga taron ba. Ya ce wa Kubura ta hau mota, suka juya Manchester.

Kwana biyu bayan haka mai gyara ya zo har gida. Kafin shayin da aka ba shi ya huce ya miƙe lotsawar, ko alama babu.

Dalyop ya yi ta kira, Junaidu bai ɗauka ba. Da farko fushi ne. Da fushin ya wuce sai kunya ta zo, ya rasa bakin da zai fara da shi. Kullum sai ya ce gobe. Sallah ta wuce, Kirsimeti ya wuce, a hankali kiran ya daina shigowa. Shekara ta zagayo har ta ɗora.

Wata safiyar Lahadi yana wanke motar a ƙofar gida, Kubura ta fito da waya a hannu, idonta jawur.

"Anti Clara ce ta kira. Yaya ba shi da lafiya. Tun kafin ranar taron nan."

Cutar jijiyoyi ce, irin wadda ke kashe gaɓɓai ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta da magani. Daga hannun dama ta fara. Likitan unguwa ya tura shi asibiti, a satin taron aka tabbatar masa. Shi ya sa ya ajiye tuƙi. Ya hana Clara faɗa wa kowa, ya ce ba ya so ƙanensa ya zo don tausayi. Yanzu likitoci sun ce lokaci ya ƙure, ita kuma ta kasa ci gaba da riƙewa.

Tiyon ruwa ya faɗi daga hannun Junaidu.

Suka kama babbar hanyar M6 zuwa Birmingham ba shiri. A tsakiyar tafiya caji ya yi ƙasa, dole suka tsaya. Junaidu ya zauna yana kallon batir na hawa a hankali, yana tuna hannun da ya shige aljihu a gaban jama'a. Ya kifa kansa a kan sitiyari.

A falo suka samu Dalyop, kwance a kan gadon asibiti da aka kawo masa gida. Mutumin da dariyarsa ke cika bas ya rame ya zama kamar yaro. Hannu da ƙafa da baki duk sun daina aiki. Idanu ne kawai suka rage, su kuwa suna ganin Junaidu suka cika da ƙwalla.

Junaidu ya zube a gaban gadon ya kama hannun nan na dama.

"Yaya, na cuce ka. Ka yafe mini."

"In eh yake nufi, lumshe ido yake yi," in ji Clara a hankali.

Dalyop ya lumshe ido. Ya buɗe, leɓensa na rawa, yana ta ƙoƙarin fitar da wani abu. Junaidu ya kai kunnensa kusa. Ba abin da ya fito sai numfashi.

Junaidu ya ɗauki hutu a wajen aiki ya zauna a Birmingham. Shi ke juya shi, shi ke goge masa baki. Ba a yi wata ɗaya ba Dalyop ya rasu.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Junaidu ya samu Clara ita kaɗai a kicin.

"Anti, ki gaya mini gaskiya. Ya yi fushi da ni sosai?"

Clara ta girgiza kai.

"Bai taɓa fushi da kai ba, Baban Hafsa. Tsoro yake ji. A gabana da yara dariya yake yi, don kada mu karaya. Ya ce duk ƙasar nan kai kaɗai ne zai iya yin kuka a gabanka. Ya jira ka lokacin da bakinsa ke aiki."

Junaidu ya dafa bango. Ranar Kubura ce ta tuƙo su gida.

Darasi: Abin da ya lotse a jikin ƙarfe mai gyara zai miƙe shi, amma maganar da ka jefi mutum da ita a gaban jama'a ba ta da makaniki. Kafin ka yanke wa wani hukunci, ka tuna ba ka san abin da yake ɗauke da shi ba. In kuma kai ne da laifi, kada ka ce gobe, kira shi yau tun yana iya amsa maka. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa, wataƙila akwai wanda ke jiran kiran wani.