Ni Dai Hanya Na Nuna

Akwai wani ɗan kabu-kabu a wani ƙauye cikin ƙasar Tajaye, sunansa Rabilu. Daga Tajaye har Malbaza babu burtali ko 'yar hanyar jaki da bai san ta ba, kuma da wannan yake tinƙaho a tasha. In wani abokin aikinsa ya ɓata da fasinja a daji, sai Rabilu ya yi kwana uku yana yi masa dariya.

Wansa Muttaƙa tsohon soja ne. Ya yi shekara guda a Mali cikin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya, amma ya dawo ba shi da labarin harbi ko ɗaya. Labarinsa guda ne, na wani sojan Kambodiya mai tonon nakiya, Sarun, wanda suke hira da shi da guntun Faransanci da nunin hannu. Yawan ba da labarin ya sa yaran gari suka laƙaba wa Muttaƙa suna Kamboj, wato Kambodiya da Faransanci.

Ga abin da Sarun ya faɗa masa. Yana ɗan shekara shida 'yan Khmer Rouge suka karɓi ƙasarsu. Suka kori mutane daga birane zuwa gonakin shinkafa, suka raba jama'a biyu, mutanen tushe, wato na ƙauye, da sababbin mutane, waɗanda aka koro daga birni. Duk mai ilimi abin kashewa ne. Cikin ƙasa da shekara huɗu mutum kusan miliyan biyu suka hallaka.

Uban Sarun malamin makaranta ne. Ya binne tabaransa, ya ce shi manomi ne tun kakanni. Ya tsira wata takwas. Rannan ana cikin aiki sai masu bindiga suka tambayi wani maƙwabcin su Sarun ko akwai malami a cikinsu. Haɓa kawai ya ɗaga wajen uban Sarun.

Da mulkin ya faɗi, wanda aka kashe wa da wanda ya sa aka kashe duk gida suka koma, don babu wani wurin zuwa. Gida uku ne tsakanin su Sarun da maƙwabcin nan. Kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya. Duk shekara ranar da suke tuna mamatansu, shi ma yana zuwa da shinkafarsa ya zauna can baya. Sau ɗaya uwar Sarun ta tambaye shi inda aka binne mijinta. Ya ce bai sani ba, shi bai taɓa kowa ba. Har ta mutu ba ta ga kabarin ba.

Rabilu ya ji labarin nan har ya gundure shi. Yakan ce, "Yaya, mu mi ya haɗa mu da masu cin shinkafa da tsinke? Nan Musulmi muke."

To, a bayan ƙauyen akwai Buzaye makiyaya, gida shida, sun fi shekara talatin a wurin. Wata tsohuwarsu, Takama, ita ke kawo wa uwar su Rabilu nono a ba ta hatsi. Da damina sukan janye dabbobinsu nesa da gonaki, su shige wani kwari bayan dutse, wurin da ba kowa ya san mashigarsa ba. Rabilu ya sani, don shi ya taɓa ɗauko matar Alkasum, ɗan Takama, ya kai ta likita tana naƙuda.

Wata shekara, saura kwana goma hukuma ta saki gonaki ga dabbobi, aka wayi gari shanu sun cinye wake a gonaki bakwai. Har da gonar Rabilu. Babu wanda ya ga shanun, sawu kawai aka gani. Amma kafin hantsi kowa ya gama yanke hukunci: baƙin nan ne. Mutanen da aka yi shekara talatin ana suna da jana'iza tare, rana ɗaya suka koma baƙi.

Wajen azahar samarin ƙauyen maƙwabta suka iso da gora da adduna, wani Kamalu a gaba. Sun yi ta zagayen dutsen ba su ga hanya ba.

Kamalu ya ce, "Rabilu, an ce babu inda ba ka sani ba. Ko wagga ta hi ƙarhinka?"

Wallahi da zaginsa ya yi da ya fi. Rabilu ya miƙe yana murmushi, ya taka babur.

Muttaƙa ya riƙe kan babur ɗin da hannu biyu. "Rabilu, wa ya ga shanun Alkasum cikin gonakka? Kai ka gani?"

"Ban gani ba. Ni ba ni dukan kowa, Yaya. Hanya ɗai za ni nuna musu in komo."

"Hakanga maƙwabcin su Sarun yac ce."

Samarin suka bushe da dariya. Wani ya ce, "Kamboj ya tashi!" Rabilu ya ji kunya ta rufe shi a gaban mutane, ya ture hannun wansa ya wuce.

Ya kai su har kan dutsen. Daga can ana hango bukkoki shida a gindin wata aduwa. Ya miƙa hannu ya nuna musu gangaren, ya juya babur ya koma tasha. Ko ƙafarsa bai sauke ba.

Ranar kasuwa ce, mazan rugar duk sun tafi. Alkasum kaɗai ya rage, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya fito ya tare ƙofar bukkar matarsa, a nan suka kashe shi. Suka cinna wa bukkokin wuta.

Bayan kwana biyu aka gano shanun na wani garke ne mai wucewa, ya riga ya tsallaka iyaka.

Muttaƙa da dattawa huɗu ne suka yi wa Alkasum sutura a gindin aduwar. Rabilu ne ya kai wansa a babur, amma ya tsaya a kan dutsen, ya kasa sauka. Jandarma suka kama mutum goma sha ɗaya. Shi kuwa an yi masa tambayoyi aka sake shi, don babu wanda ya ce ya gan shi da makami.

Buzayen suka kwashe abin da ya rage suka yi arewa. Muttaƙa bai sake ba da labarin Sarun ba, bai kuma taɓa ce wa ƙaninsa ai na faɗa maka ba. Shirun nan ya fi duka zafi. Rabilu ya koma Birnin Konni da aiki. Ya daina shan nono, ya ce yana ɓata masa ciki. Duk wanda ya taɓo zancen, amsarsa ɗaya ce: shi dai hanya ya nuna.

Shekara tara ta wuce. Muttaƙa ya rasu, dattawan nan ma duk sun bi shi. An sare aduwar, an noma kwarin gaba ɗaya.

Wata safiya a tashar Konni wata mata ta jawo wata tsohuwa makauniya, suna tambayar Rabilu ɗan Tajaye. Yana ganinsu ya gane su. Takama ce, da matar Alkasum.

Tsohuwar ta ce, "Rabilu ne? Ina innarka?"

"Ta rasu, Inna Takama."

"Allah shi jiƙan ta. Mutuniyar kirki ce. So nike in dahwa kabarin ɗana kahin in mutu. Mun je sau biyu, gero ne ko'ina. An ce kai kaɗai ka rage da ka san wurin."

Ya fara kame-kame, wai an daɗe, wai daji ya canza.

Ta ce, "Ran nan ina bisa dutsen ina itace. Da idona na gan ka, sa'ad da nike da ido."

Da ƙyar ya ce, "Mi ya hana ki gaya wa jandarma?"

"Na ci hatsin gidanku shekara talatin. Kuma da an kulle ka, yau wa za shi kai ni? Kada ka zata na yahe. Ban yahe ba. Hanya nike so."

Ya ɗora ta a bayansa, surukarta ta hau wani babur. Tun daga Konni har Tajaye hannun tsohuwar na kafaɗarsa, mara nauyi kamar busasshen kara.

A kan dutsen ya tsaya. Ya hango kututturen aduwar a tsakiyar gero. Bai san lokacin da ya miƙa hannu ba, ya ce, "Ga shi can."

Takama ta ce, "Ni ba ni ganin nuni, ɗan nan. Nan ka tsaya waccan rana. Yau sai ka sauka."

Ya goya ta ya gangara. A gindin kututturen ya durƙusa, ya kama hannunta ya ɗora a ƙasa. Ta shafa wurin tana kiran sunan Alkasum a hankali, ta yi addu'arta ta gama. Rabilu yana kuka kamar yaro, yana jiran ta ce masa wani abu, ko da zagi ne.

Ta kakkaɓe hannunta ta ce, "Mai da ni tasha."

Darasi: Ba sai ka ɗauki adda ba kafin jinin wani ya hau kanka. Abin da ya ci Kambodiya bai fara da ramukan gawa ba, ya fara ne ranar da maƙwabci ya zama baƙo, wani kuma ya ce shi nuni kawai ya yi. Masu kisan sukan tafi, amma mai nunin yana nan gari ɗaya da uwar mamacin har ƙarshen ransa. In an taru ana cewa "su ne", tambayi wanda ya gani, in babu ka riƙe hannunka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman yanzu da kaka ta gabato.