Watan Bara

"Wa ya gan shi da idonsa?" in ji Blandine, mai kula da na'urorin gidan rediyo.

"Ke Kirista, ina ruwanki da watanmu? Buɗe min makirfo!" in ji mai karanta sanarwa.

"Baba, ba watan nake tambaya ba. Mai maganar nake tambaya. Ka kira shi mana."

"Kafin in kira, wani ya riga ni."

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Garwa, mai karanta sanarwa a ƙaramin gidan rediyon unguwa. Allah ya ba shi murya kamar zuma. In ya sanar da haihuwa, har wanda bai san mai jegon ba sai ya yi murmushi. Cutarsa ɗaya ce, yana son a ce shi ya fara faɗa.

Ranar ashirin da tara ga azumi, bayan shan ruwa, saƙon murya ya faɗo wayarsa: "An ga wata a Figil!" Bai tambayi wane ne ba, bai tambayi yaushe ba. Ya ture Blandine, ya shelanta gobe Sallah.

Wayyo farin ciki! Mata suka rangaɗa guɗa, kaji suka ga ta kansu. Da safe unguwa ta ci ta ƙoshi, ta fito fes cikin sababbin kaya, sai ƙamshin turare. Aka isa filin idi. Ba liman, ba ladan, sai awaki suna kiwo.

Aka je gidan liman, aka tarar yana azuminsa. Aka kunna masa saƙon. Wani direban motar siminti mai suna Ziyad ya dafe kai: "Muryata ce! Amma wallahi bara na faɗa!"

Wata tsohuwa ta ce, "To kazar da na ci fa, ta bara ce ko ta bana?" Aka yi dariya har da hawaye, sannan kowa ya tuna yana da ramuwar azumi a wuyansa.

Shi kuwa gogan, an karɓe makirfo a ranar. Sunansa ya ɓace, sai Watan Bara. Ko gaisuwa ya yi, ya ce an tashi lafiya, sai a ce, "Bari mu bincika." Ƙarshe ya tattara ya koma garin Touboro awon auduga.

Me ya kayar da shi? Ƙarya ya ƙaga? A'a. Gaskiya ce ya ɗauko, amma ta kwana shekara. Kira ɗaya ya isa ya tsare azumin unguwa guda. Kai mai rediyo, ke mai tura saƙo a waya: wa ya faɗa, yaushe, a ina, wa kuma ya tabbatar?

Allah ya kiyaye mu da gaggawar baki, ya sa mu ga Sallarmu a ranarta.

Ni dai ku shaida: daga yau, saƙon da ban san mai shi ba, a wayata zai mutu!