Kurege Injiniyan Laftof

Ga wata nan tafe, ku gyara zama ku karɓe ta.

Wata bazara yunwa ta matsa wa Kurege, har haƙarƙarinsa na ƙirguwa daga nesa. Yana gararamba sai ya faɗa rumfar Ɓauna, inda dabbobi ke taruwa kallon ƙwallo a laftof. Ya durƙusa ya ce don Allah a bar shi ya riƙa shara. Ɓauna ya ce to.

Da Ɓauna ya tafi rafi shan ruwa, Kurege ya haye kan laftof ɗin. Ashe ya taɓa kwana uku a silin wani shagon gyara a birni, yana leƙe. Ya san akwai wasu fayiloli da in babu su kwamfuta ba ta tashi, kamar murhu ne ba ashana. Ya kwashe su ya zuba a ɗan filashinsa na ajiyar fayiloli, ya kashe, ya goge sawunsa da bindi.

Da gari ya waye, Ɓauna ya danna, ya sake dannawa. Baƙin allo kawai, da ɗan farin rubutu wai wani abu ya ɓace. Ga wasan ƙarshe da la'asar. Sai ga wani ɗan gajere da kwat har ƙasa da tabarau na waya, yana taku ɗai-ɗai.

"Ni ne Injiniya Sha-Yanzu," in ji shi. "Na tayar da kwamfutar da aka yi wa sadakar bakwai. Ranka ya daɗe, taka suma kawai ta yi."

Ya sa kowa ya juya baya, wai aikin ba ya son ido. Ya soka filashi, ya mayar da abin da ya sata, laftof ta kawo haske. Ɓauna ya cika masa kwando da gyaɗa, har da rakiya.

Haka ya yi wa Dorina, ya ci kifi. Haka ya yi wa Gwanki, ya sha fura da nono. Cikinsa ya fito, kwat ta daina rufuwa.

Sai ya hango tsakar gidan Kura, an shanya cinyar rago. Kura kuwa tana da laftof da ta tara hotunan sunan 'yan biyunta, kullum sai ta buɗe wa baƙi ko ba su tambaya ba. Tana barcin rana ya shiga ya yi abin da ya saba. A hanya tsoro ya kama shi, kada a kama shi da filashi a aljihu. To kun san halin kurege, duk abin da yake ji da shi sai ya binne. Ya tona rami ya binne, ya ce gobe ya ɗauka. Ranar kuwa aka yi ruwan farko.

Da gari ya waye, ya iso da kwat da tabarau. Ya tarar da Kura ido ya yi ja. Ya yi mata kirarin kansa, ta saurara har ya gama.

"Injiniya," ta ce a hankali, "in ta tashi kafin azahar, cinyar nan taka ce. In ba ta tashi ba, taka cinyar tawa ce."

Ya ce zai je ɗauko kayan aiki. Ta ce madalla, ta ɗaura masa igiya a ƙugu, ta riƙe bakin.

Suka isa fili, ruwa ya shafe ko'ina sumul. Ya tona nan, babu. Ya tona can, tsohon ƙwallon goruba. Kura ta tambaya ko a birni haka injiniyoyi ke ajiye kayan aiki, ya ce ai sabon yayi ne. A rami na tara tabarau ya faɗi. A na sha biyar zafi ya sa ya tuɓe kwat bai sani ba, farin zanen gefensa ya fito fili. Ɓauna da ke wucewa ya tsaya, ya ce wannan ai mai shararsa ne.

A rami na ashirin filashin ya fito, jage-jage da laka. Aka kira Bushiya, wadda ita ce mai gyaran gaske, shiru-shirunta ya sa aka manta da ita. Ta goge lakar filashin, ta duba a tata kwamfutar, ta ce kayan tashin laftof ɗin Kura ne a ciki, sai dai ruwa ya lalata rabi. Ta ɗauko nata filashin, ta tayar da laftof ɗin daga cikinsa, ta zaɓi gyara, ba shafewa ba. Can sai ga 'yan biyu a allo, suna dariya cikin kayan suna.

Kura na kallon 'ya'yanta, Kurege na gwaguyar igiya. Ta juyo ta kai cafka, ta samu rabin gashin bindi. Ɓauna ya ƙara masa da kofato, ya yi sama ya faɗo daidai bakin rami na sha biyar, ya shige.

Daga ciki muryarsa ta fito, yana nishi.

"Yaya Kura, ko ba komai yanzu kin san Bushiya, kuma ni na haɗa ku. A ajiye min ƙashin cinyar, ladan dillanci."

Nan ta ƙare, kan kurege da ƙulu biyu.