Agogon Ladan Sodangi

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a Ƙofar Marke, mai gyaran agogo. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye.

Wata rana Malam Sodangi, ladanin unguwa kuma aminin mahaifinsa, ya zo rumfarsa. Shekara talatin yana kiran salla, ga ido ya fara rauni, bai kuma iya duba lokaci a waya ba. Ya ce, "Ɗana, zaɓa min agogon aljihu wanda ake wanawa da hannu, ba na batir ba. Mai murfi, mai ƙwari. Kai ka san abin, ni ban sani ba."

Mai gyaran yana da irinsa guda biyu. Ɗaya tsohon ƙarfe ne, ba ya ƙarya. Ɗayan sai ƙyalli, amma kayan cikinsa sun cinye, wani lokaci yakan yi gudu. Mutumin nan yana ƙyashin rabuwa da na farkon. Sai ya goge na biyun ya miƙa, ya ce, "Baba, wanga ba ya da na biyu." Tsoho ya karɓa yana sa masa albarka.

Azumi ya zo cikin damina. Ran nan hadari ya rufe gari tun la'asar. Malam ya buɗe murfi, ya ga lokaci ya yi, ya kira magariba. Unguwa duk aka sha ruwa. Ba a gama alwala ba hadari ya yaye, sai ga rana tsaye.

Washegari aka karɓe kiran salla daga hannunsa. Masu surutu suka ce tsufa ne, wasu suka ce yunwa ce ta sa shi gaggawa. Mutumin yana tsaye a wurin, yana ji. Me zai rasa da ya buɗe baki? Amma ya yi shiru.

Malam ya daina fita, ciwo ya kwantar da shi. Da mutumin ya je dubiya, tsoho ya riƙe hannunsa ya ce, "Kar ka damu, ɗana. Agogonka lafiya lau yake, idona ne ya gaza." Kafin babbar salla ya rasu.

Tun daga nan mutumin ya kasa ɗaura ko ƙaramin noti daidai. Rumfa ta mutu. Da abin ya ishe shi, ya je ya durƙusa gaban Iyatu, matar mamacin, ya faɗi gaskiya yana kuka. Sai ta ce, "Ya tafi yana zargin kansa. Wa zai je ya gaya mishi?"

Ya 'yan uwa, wanda ya ce maka "kai ka sani" amana ya ɗora maka. Idan ka ci ta, gaggauta neman yafiya tun mai ita yana numfashi.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya jiƙan waɗanda aka zalunta ba su sani ba. Amin.