Ruwan Wankan Kaka Memuna

Akwai wata yarinya a unguwar Maamobi mai suna Suweiba, 'yar aji biyu a sakandare, ɓangaren kimiyya. Burinta ta zama nas, amma Fiziks ya tsaya mata a wuya. Sau biyu a jere tana cin sifili a aikin gida.

Malaminsu, Masta Nurudeen, mutum ne da ba ya maimaita magana. Ranar Juma'a ya rubuta tambaya a allo, ya juyo ya kalle ta.

"Suweiba, Litinin ki kawo wannan. In kika sake faɗuwa, zan cire sunanki daga ajin kimiyya."

Tambayar kuwa ga ta: an zuba tafasasshen ruwa lita biyu, mai zafin digiri ɗari, a cikin ruwan sanyi lita takwas mai digiri talatin. Nawa zafin ruwan zai koma?

To, 'yan ajin da ke zaune a Nima da Maamobi suna da wata al'ada da suke kira taimakon juna. Shamsudeen, gwanin ajin, shi zai yi lissafi, ya ɗauki hoton littafinsa ya tura a wasap, sauran su kwafe har da inda bironsa ya zame. Taimakon ke nan. Shi kuwa kansa ya kumbura, tafiya yake kamar shi ya ƙirƙiro wutar lantarki.

Ranar Asabar da hantsi hoto ya shigo. Amsa: digiri tamanin da shida.

Suweiba, da ba ta taɓa kwafa ba, ta ɗauki biro za ta kwafa wannan karon, sai hannunta ya tsaya.

Shekara huɗu ke nan kullum da safe ita ke haɗa wa kakarta, Kaka Memuna, ruwan wanka. Butar shayi ɗaya ta tafasasshen ruwa, a juye a bokitin ruwan famfo. Tsohuwar kuwa ba ta da sauƙi, in ya ɗan yi zafi sai duk gidan haya ya ji. Suweiba ba ta iya lissafin ba, amma hannunta ya san ruwan nan. Tamanin da shida ai kusa da tafasa ne!

Bayan la'asar ta shiga lungu, ta tsallake kwata, ta iske Shamsudeen da ƙawarta Najat a bencin ƙofar gidan su Shamsudeen.

"Shamsu, amsar nan ba daidai ba ne."

Ya ɗago a hankali. "Ei! Wa ke magana? Mai sifili biyu?"

"Ni ce. Buta ɗaya a bokiti ba ya kai haka. Kullum ina haɗa wa Kaka."

Ya fashe da dariya har da buga cinya. "Chale, Fiziks ake yi a nan, ba wankan tsohuwa ba. To, Farfesa, mene ne amsar?"

"Ban sani ba."

"Kin gani!"

Najat ta ja ta gefe. "Suweiba, don Allah ki kwafa kawai. Shamsu bai taɓa faɗuwa ba. Ke ce za a kora, ba shi ba."

Maganar ta shige ta, don gaskiya ce. Tsoro ya kama ta sosai, idonta ya cika da ƙwalla. Amma ta goge, ta koma gaban Shamsudeen.

"Ruwan digiri tamanin da shida, za ka iya sa hannu a ciki?"

"Ina hauka? Ai fata zai saluɓe."

"Yoo. Taso mu je gidanmu."

Don ya ƙure ta ya bi ta, Najat ma ta biyo su. A tsakar gida ta ɗauko kofin lita ɗaya da mamarta ke awo da shi a sana'ar waakye, wato dafaffen shinkafa da wake, ta auna takwas a bokiti. Ta auna biyu a buta, ta ɗora a kurfoti, ta yi ta fifita gawayi har ya tafasa. Ta juye, ta motsa da ludayi.

"Bismillah, sa hannu."

Shamsudeen ya noƙe. Kaka Memuna da ke kan tabarma tana jan carbi ta ce, "Kai, ɗan nan, ƙato da kai kana tsoron ruwan wanka?"

Ya tsoma yatsa ɗaya, sannan hannu duka har gwiwa. Ruwa mai ɗumi, daidai wanka. Dariya ta ɗauke masa.

Ya buɗe littafinsa, ya bi layi-layi, sai ya dafe kai. Garin sauri ya juya lambobin: ya ba ruwan zafi lita takwas, na sanyi lita biyu. Kuma mutum goma sha ɗaya sun riga sun kwafe.

"Kawo littafinki in rubuta miki daidai," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"A'a. Koya mini za ka yi."

Nan suka zauna su uku a bakin bokiti. Ya nuna musu cewa zafin da ruwan buta ya rasa, shi ne na bokiti ya samu. Suweiba ta yi, ta ɓata. Ta sake, ta ɓata. Najat ce ta gano inda take mance sa alamar baka a lissafin. A karo na uku, ana gab da kiran magariba, ta samu arba'in da huɗu da hannunta. Shamsudeen ya tura gyara a wasap, ya rubuta a ƙasa: "Suweiba ce ta kama kuskuren."

Ranar Litinin Masta Nurudeen ya duba littafinta, ya dube ta, bai yarda ba.

"Wa kika kwafa? Zo allo. Na canza lambobin: lita ɗaya a cikin lita tara."

Ta fita gaban allo. Kafin ta rubuta komai ta ce, "Sa, rabin buta ne wannan, amsar ba za ta kai ta aikin gidan ba." Ta yi lissafinta tsaf, ta samu talatin da bakwai.

Masta ya duba lissafin da ke allon. Sannan ya ce, "Koma ki zauna. Kujerarki ce."

Washegari da safe ta kai wa Kaka Memuna bokiti. Tsohuwa ta taɓa ta ce, "Yau kam ya yi daidai."

"Digiri arba'in da huɗu ne, Kaka."

"Ko ɗari ne, miƙo mini soso."

Darasi: Ba wa abokinka amsa ya kwafa ba taimako ba ne, zaunar da shi ka koya masa shi ne taimako. Kada ka raina wanda ke bayanka a aji, kuma kada ka raina abin da ka koya a aikin gidanku. Ku tura wa ɗaliban da kuka sani, musamman wanda ya fara cire rai.