Ninkin Malama Tabawa

Dalilin da ya sa mutanen Rafin Kuka ba sa yaga gurasa sai sun ninka ta, shi zan gaya muku. Kai Sallau, bar tsokanar ƙanwarka ka saurara!

A da, a firamaren garin nan akwai Malama Tabawa, mai koyar da aji huɗu. Wallahi ban ga mace mai haƙurinta ba. Amma 'yan ajinta sun kafe wai ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu, tunda takwas ta fi huɗu. Ta yi bayani har muryarta ta dushe, ina!

Ran nan hedimasta ya kira ta ya ce, "Malama, sufeto zai zo ƙarshen wata. In yaran nan suka sake faɗuwa, wani ƙauye za a mayar da ke." Ga tsohuwarta kwance ba lafiya, ba mai jinya sai ita. Hankalinta ya tashi.

Washegari ta sayo gurasa don ta yanka su gani da idonsu. Kafin ta juya daga allo sun cinye darasin, ja'irai irinku! Sai ta tattaro tsofaffin takardu, ta kifa murfin kwano tana zagayawa da almakashi, kowa ya samu gurasar da ba ta ciyuwa.

"Ku ninka," in ji ta. "Rabi ke nan. Ku ƙara, kwata. Ku ƙara kuma, ɗaya bisa takwas. Tsakaninsa da kwata, wanne za ku so a ba ku?"

Kowa ya dubi ninkinsa. Can suka ɗauka gaba ɗaya, "Kwata, Malama!"

Sufeto ya zo, ya ajiye takardar canjin Malama a kan tebur, sa hannu kawai take jira. Ya nuna Uwani, wadda ta fi kowa rawar baki, ya ce, "Ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa takwas, wanne ya fi?"

Uwani ta daburce. Ta laluba jaka, ba takarda. Sai ta warci ta kan tebur, ta ninka, ta ninka, ta ninka, ta yaga ƙyat ƙyat! Malama ta dafe ƙirji.

"Ranka ya daɗe, ga ɗaya bisa takwas, ɗan mitsitsi. Sai an haɗa biyu ake samun kwata. Ko in haɗa maka duka takwas ɗin ta koma ɗaya?"

Sufeto ya dubi takardarsa, ya dubi Malama, ya tuntsire da dariya. Ya ce, "A'a 'yata, bar ta haka."

Malama Tabawa ba ta je ko'ina ba, ita ta yi jinyar uwarta har ta miƙe. Shi ya sa har yau, in aka ba ɗan Rafin Kuka gurasa ya raba, sai ya ninka ta tukuna. Uwanin nan kuwa, ni ce nan da kuke sa wa ciwon kai yanzu. Miƙo gurasar nan, Sallau, na ga ka fara gutsura.