Sarki Tunau da Gaisuwar Uwar Gulbi

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun gulabe ba su san gada ba, an yi wani sarki mai suna Tunau a ƙasar da Gulbin Shuni ya raba biyu. Saurayi ne kyakkyawa mai sakin hannu, wanda ya gaji sarauta tun bai iya ɗaura wando da kansa ba. Saboda haka a tsakiyar fadawa ya tashi: zai zauna an riga shi gyara shimfiɗa, zai miƙe ana yi masa sannu a hankali, ko tari ya yi sai fada ta ɗauka da addu'a. A al'adar fadar kuwa, sarki ba ya amsa gaisuwa da bakinsa. Talaka zai faɗi ya yi gaisuwa, fadawa su haɗa murya su ce, "An gaishe ka!" shi ke nan magana ta ƙare. Har gemu ya fito wa Tunau bai taɓa ce wa ɗan adam "yauwa" ba, kuma bai taɓa jin ya rasa wani abu ba.

Aka sa masa rana da Gimbiya Hakama, 'yar sarkin bakin teku, wadda suka taɓa haɗa ido a wani biki, tun daga nan kowannensu ya rasa sukuni. Labari ya zo cewa jirgin amarya ya taso zai hauro gulbi. Sarkin da bai saba jiran kowa ba ya koma kullum da hantsi yana bakin ruwa, wai shan iska yake yi, fadawa kuma suna taya shi shan iskar, kowa ya san abin da ake jira.

Wata safiya suna nan tsaye sai wata tsohuwa ta fito daga cikin ciyawar bakin ruwa, zaninta na ɗiga. Ba ta durƙusa ba, ba ta cire ido daga fuskar sarki ba, ta ce, "Salamu alaikum, Tunau. Ina kwana?"

Fadawa suka ɗauka gaba ɗaya, "An gaishe ki, tsohuwa!"

Ta juya ta dube su ɗaya bayan ɗaya har muryoyinsu suka mutu, sannan ta ce, "Ba ku na gaisar ba. Ya kai sarki, ni ce Uwar Gulbi, sarauniyar aljanun wannan ruwa tun daga mafarinsa har inda ya faɗa teku. Na ba ka sallama, ka bar ta a rataye. To ka sani jirgin amaryarka yana hannuna a ƙarshen gulbi, ba ya gaba, ba ya baya, kuma ba zai motsa ba sai ka zo ka amsa mini da bakinka. Kai kaɗai za ka zo. Kuma tun da ba ka taɓa amsa wa kowa ba, amsarka ta fari tawa ce. In ka ba wani ita a hanya, da baki, ko da hannu, ko da gyaɗa kai, to Hakama ta zama tawa har abada."

Tana gama faɗa ta nutse. A inda ta nutse wani ɗan siririn kwalekwale baƙi ya taso, da filafilin tuƙi guda ɗaya a cikinsa.

Fada ta rikice. Waziri ya yi dogon jawabi a kan cewa ba a taɓa jin sarki ya yi tafiya ba rakiya ba. Sarkin Ruwa, wani dattijo mai suna Nomau, ya ce shi zai je a madadin ubangidansa, amma yana sa ƙafa kwalekwalen ya yi ƙasa har ruwa ya kai masa gwiwa, yana cirewa ya taso a bushe. Tunau ya ce, "Kun gani. Ni aka kira." Ya tuɓe alkyabba da rawani, ya sa 'yar shara irin ta masunta, aka ɗaura masa guzuri, Nomau ya nuna masa yadda ake riƙon filafili, yana nunawa yana share hawaye.

Farkon tafiyar dai abin dariya ne, da akwai mai dariyar. Kwalekwale ya yi ta juyi da sarki a tsakiyar ruwa kamar ƙwarya a randa, ya tuƙa dama ya tafi hagu, ya tuƙa hagu ya shiga ciyawa. Kafin la'asar tafin hannunsa ya yi bororo. Da birni ya ɓace a bayansa, ƙarar tambura ta daina iso shi, sai ya ji wani abu da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, wato shiru. Ya yi tari, ya saurara. Ba wanda ya ce komai. Tsoro ya kama shi, ya ci gaba da tuƙi don kawai ya riƙa jin ƙarar ruwa.

Ya kwana a tudun yashi, ya tashi duk gaɓoɓinsa na ciwo. Washegari ya iso wata mashaya inda mata ke wanki. Ba su san shi ba, ganinsu wani matafiyi ne kawai, sai suka ɗaga murya da fara'a, "Sannu da ruwa, baƙo! Ina aka fito?" Tunau ya ji gaisuwar ta shige shi ta wata hanya dabam, don a da, rawaninsa ake gaisarwa, yau kuwa shi ɗin aka gaisar. Bakinsa ya motsa, ya cije leɓe, ya sunkuyar da kai ya wuce.

"Kurma ne," in ji wata.

"Kurma ina! Ba ki ga ya ji ba? Girman kai ne, a cikin wannan 'yar sharar tasa."

Ya yi tunanin ya riƙa riga mutane gaisuwa, sai ya tuna gaisuwa ba ta tafiya ita kaɗai. In ya ce sannu, za a ce sannu kadai, ina gida, ina gajiya, kuma ga shi nan a cikin tarko. Wanda ba zai amsa gaisuwa ba kuwa ba shi da bakin roƙon wuta, balle tambayar hanya. Daga ranar ya koma bin tsakiyar gulbi, in ya hango hayaƙin ƙauye sai ya kau da kai, ya ƙara ƙarfin tuƙi, zuciyarsa kuwa tana can wajen hayaƙin.

Kwanaki suka yi ta wucewa har ya daina lissafinsu. Bororon hannunsa ya fashe ya zama kanta, kwalekwale ya fara jin maganarsa. Ya ratsa inda gulbi ya matse tsakanin duwatsu yana kumfa yana ruri, ya ratsa inda ya baje har ba a hango gaɓa, dorinai suna leƙo shi su koma. Wani hadari ya kifar da shi, ya fito da ransa da filafilinsa, guzuri kuwa ya bi ruwa. Duk wannan bai kai masa zafin lokacin salla ba. In ya idar a kan yashi, ya yi sallama dama, ya yi hagu, sai ya ga ba kowa a daman, a hagun kuma wani zalɓe ne tsaye da ƙafa ɗaya yana jiran kifi. Shi da ya saba da sahu har bakin ƙofar masallaci. Ranar da zalɓen ya tashi ya bar shi, Tunau ya zauna ya yi kuka, kukan da ba wanda ya ba shi haƙuri.

Yunwa ta kai shi gefen wani ɗan tsibiri inda wani tsohon masunci ke gasa kifi. Ya so ya wuce, hannunsa ya ƙi ɗaga filafili. Tsohon ya yi masa sallama, shiru. Ya sake, shiru. Ya daɗe yana duban fuskar baƙon, sannan ya naɗe kifi a ganye, ya shigo ruwa har ƙugu ya ajiye masa a cikin kwalekwale, ya ce, "Ban san abin da ya ɗaure maka baki ba, ɗana, amma na ga ba raini ba ne. Ci ka tafi. Ko ba ka amsa ba, ni dai na gaishe ka." Zagin matan mashaya bai yi wa Tunau ciwon da wannan magana ta yi masa ba. Ya riƙe wuyansa da ƙarfi kada kansa ya gyaɗu, ruwa ya ja shi ya tafi, yana cin kifin yana haɗiye godiyar da ba ta da hanyar fita.

Daga ƙarshe iska ta fara ɗauko masa ƙamshin gishiri, gulbi ya buɗe, ya hango jirgin amarya tsaye cik a tsakiyar ruwa mai gudu, tutocinsa sun koɗe, matuƙansa zaune sun yi tagumi. A bayan jirgin, kan wani farin dutse, Uwar Gulbi ce zaune cikin tufafin shuni, aljanunta sun kewaye ta. Babu wata hanya zuwa dutsen sai ta gefen jirgi.

Hakama na tsaye a bakin jirgin, inda take tsayawa kullum tana duban arewa. Duk da ramarsa da baƙin da rana ta yi masa, kallo ɗaya ta gane shi. Ta manta da kunyar amarci, ta ɗaga murya ta ce, "Tunau! Sannu da zuwa! Wayyo, sannu da zuwa!"

Ba wanda ya gaya mata sharaɗin. Ya san ba ta sani ba. Ya wuce ta kusa da kusa, har yana jin ƙarar awarwaronta, idonsa a kan ruwa, bai ɗaga kai ba. Ta sake kiran sunansa, a hankali wannan karon, kamar mai tambaya.

Ya kai dutsen, ya miƙe da ƙyar, ya buɗe bakin da ya daɗe a rufe, muryar ta fito a dushe, "Wa alaikis salam, Uwa. Lafiya lau na kwana."

Uwar Gulbi ta ce, "Madalla. Ina gajiya?"

Amsar wannan ko yaron goye ya san ta, Tunau kuma ya ji ta a fada ba adadi. Ba gajiya, shi ke nan, a saki jirgi. Tana kan harshensa. Amma mutumin da bai saba gaisuwa ba bai saba da ƙaryarta mai daɗi ba, sai ya ji kansa yana cewa, "Akwai gajiya, Uwa. Wallahi akwai gajiya. Hannuna ya gaji, bayana ya gaji, amma kaɗaici ya fi su gajiyar da ni. An gaishe ni na wuce kamar dabba, an ciyar da ni ban ce na gode ba, wadda na zo dominta tana can tana zaton na ƙi ta."

Aljanu suka dubi juna a firgice, don ba a taɓa amsa wa sarauniyarsu haka ba. Tunau ya ga ya ɓata.

Sai Uwar Gulbi ta ce, "Ya kai ɗan adam, tun kakanninka ba su zo duniya ba nake gaishe da mutane a bakin ruwan nan. Mai wanki ta watsar da kaya ta gudu, masunci ya toshe kunne yana neman tsari. Na ce bari in je wurin sarki, shi ba ya gudu. Na je, aka amsa mini da bakin haya. Abin da ka ɗanɗana a 'yan kwanakin nan, shi ne abincina."

Tunau ya dube ta, ya ga tsohuwa ce kawai a kan dutse. Ya ce, "Sannu, Uwa. Ke fa, yaya kaɗaici?"

Ta rufe fuska da gefen mayafinta. "Akwai shi," ta ce. "Je ka. Na saki jirgin."

Nan take jirgin amarya ya yi girgiza, igiyoyinsa suka yi ƙara, matuƙa suka zabura suna kabbara. Tunau ya juya kwalekwale ya nufe shi. Hakama ba ta bar inda take ba, fuskarta jiƙe da hawaye. Ya ba ta labarin sharaɗin tun daga farko, tana ji ba ta katse shi ba.

Da ya gama ta ce, "Na gane, ranka ya daɗe. Amma lokacin da ka wuce ni ban sani ba, kuma wannan ɗan lokacin ya fi mini duk zaman da na yi a nan tsawo." Ta share ido, ta gyara tsayuwa. "Sannu da zuwa, Tunau."

"Yauwa, Hakama. Na same ku lafiya?"

"Ba ka same mu lafiya ba," in ji ta, tana kuka tana dariya, "amma yanzu lafiya lau."

Jirgi ya hauro gulbi da su, ƙasa ta ɗauka da murna, aka ɗaura aure a gaban malamai da manyan ƙasashen biyu. Ranar bikin jama'a suka yi dafifi a ƙofar fada, fadawa suka cika ƙirji za su yi aikinsu, sarki ya ɗaga musu hannu. Shi da kansa ya amsa wa kowa, mai kifi da mai gishiri, tsoho da tsohuwa, har da tambayar gida da yara, Waziri na gefe yana ta salati. Kafin a watse muryarsa ta tafi gaba ɗaya.

Haka ya isa ƙofar ɗakin amarya. Ya tsaya zai yi sallama, ya buɗe baki, ko sauti bai fito ba. Ya sake gwadawa, iska kawai. Yana nan tsaye cikin damuwa sai ya ji muryar Hakama daga ciki.

"Wa alaikas salam," ta ce. "Shigo, na ji ka."

Iyakar abin da ya iso kunnenmu ke nan na labarin Sarki Tunau.